Bluey Biyu, Faifai Ɗaya

Hillston, 4 ga Maris

Zuwa ga Lindsay Pascoe,

Na gaishe ka, don uwata ta koya mini ba a fara takarda sai da gaisuwa. Ina fata kana lafiya, kai da Noelene da duk abin da kuka haifa. Ni ma ina nan ban mutu ba, in hakan zai ba ka mamaki.

Shekara hamsin ke nan magana ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro, yau zan tofar da ita. A bayan kwalin faifan nan namu, kai ka rubuta sunayen 'yan ƙungiyarmu ta kiɗa, Tin Galah, da hannunka. Ka rubuta Lindsay Pascoe, waƙa da jita. Ka rubuta Noelene, fiyano. Har karen gonar ka gode masa da cikakken sunansa. Da ka zo kan ganguna sai tawada ta yi maka wuya, ka rubuta "Bluey" ka tsaya. Wane Bluey?

Ka san mu biyu ne. Duk mai jan gashi a ƙasar nan Bluey, wato shuɗi, ake ce masa, kamar mutanenmu ba su san ja da shuɗi ba. Ni Bluey ne tun kafin in fara fitar da haƙori. Da na tafi, duk faɗin New South Wales kuka rasa wanda za ku ɗauko sai wani mai jan kai, Gavin Rourke. Ya hau kujerata, ya hau sunana. Shi ya zaga duniya da ku, shi aka sa a mujallu, da ya mutu shi aka yi wa kuka a talabijin. Ni kuwa in na ce a mashaya ni na buga gangar "Jirgin Asabar", sai yara su ce, "Haka ne, Baba, ni ma ni na gina gadar Sydney," su miƙo mini giya don tausayi.

Bari in tuna maka, tunda shahara tana cin ƙwaƙwalwa. Shekaru muka yi muna buga waƙoƙin mutane a mashayu, ana jifanmu da gwangwani. Rana ɗaya ka ce an daina, namu za mu yi. Ka bar gashi ya sauko kafaɗa, ka kwashe mu zuwa rumfar askin tumakin kawunka a bayan garin Hay, wai can sauti ya fi daɗi. Ban ce komai ba. Ga warin ulu, ga ƙuda, ga kwano yana gasa mu, ban ce komai ba. Waƙa tara ne a faifan, duka tara na buga su a rumfar nan. Sai ga furodusan nan na Sydney, mai farin takalmi a gonar tumaki, ya zo da akwatinsa mai ƙas-ƙas-ƙas kamar agogo. Wai in sa a kunne in riƙa binsa, don ina sauri in an zo amshi. Na ce masa waƙa rai gare ta, in ta hango gida dole ta ɗaga ƙafa. Na juya na dube ka. Duk shekarun nan a dandali kana waiwayowa kana ce mini, "Kana sauri, ɗan banza," kana dariya, mutane suna rawa kamar za su fasa daɓe. Ranar nan ba ka waiwayo ba. Ka sunkuyar da kai kana gyara tsirkiyar jitar da ba abin da ya same ta.

Na ajiye sanduna na fita. Kuma ban tafi ko'ina ba, Lindsay. A babbar ƙofar gonar na zauna, kan tsohon duron da ake jefa wasiƙu, cikin ranar nan, ina jiran ka zo ka ce in taso mu koma. Har rana ta karkata ba ka zo ba. Motar kai wasiƙu ce ta rage mini hanya.

Yanzu na ji a rediyo za a sake fitar da faifan, har da littafi mai hotuna, wai ya cika hamsin. Ko sunansa ma ban taɓa so ba. Da ina nan "Rumfar Aski" muke ce masa, bayan tafiyata kuka mai da shi "Ƙofar Baya", sunan da ba kai ba gindi. Wannan ku ta shafa. Abin da nake so shi ne a littafin a rubuta: ganguna, Mervyn Tuckwell. L biyu a ƙarshe.

Ka amsa mini da hannunka.

Ka huta lafiya, in za ka iya.
Merv, Bluey na farko

*

Melbourne, 12 ga Maris

Mai girma Mista Tuckwell,

Bayan gaisuwa da girmamawa, sunana Anthea Kouris, ni ce nake haɗa littafin da zai fito tare da sabon bugun "Ƙofar Baya". Misis Noelene Pascoe ce ta turo mini wasiƙarka. Ina neman afuwa, domin yawancinmu a nan ofis ba mu san an taɓa yin Bluey biyu ba.

Ga halin da ake ciki. Kwalayen tef na asali duka "Bluey" kawai aka rubuta a kansu. An san an ɗauki waƙoƙin a Hay, daga baya aka kai tef ɗin Sydney aka yi masa gyare-gyare, bayan marigayi Gavin Rourke ya shiga ƙungiyar. Abin da ba mu sani ba shi ne ko an bar gangunanka, ko an goge su an ɗora nasa. Injiniyan da ya yi aikin ya rasu, furodusan ma haka. Ya kamata kuma ka sani cewa matar marigayin, Misis Maxine Rourke, ita ma ta rubuto tana neman a sa cikakken sunan mijinta a wannan layin.

Littafin zai tafi wurin bugawa a ƙarshen watan gobe. Na haɗo maka ƙaramin faifai na sabon bugun. Ina roƙon ka saurara, ka nuna mini wuraren da ka gane hannunka. Idan kana da wani hoto na zamanin rumfar, shi ma zai taimaka matuƙa.

Taka cikin girmamawa,
Anthea Kouris

*

Hillston, 19 ga Maris

Ke Anthea,

Na gaishe ki, na gaishe da iyayenki da suka sa ki makaranta har kika iya cika takarda ba ki faɗi komai ba.

Lindsay na rubuta wa, ke kika amsa. Halinsa ke nan tun da. In rigima ta ɓarke a mashaya sai ya laɓe bayan fiyano ya turo Noelene. Yanzu ya samu ci gaba, Noelene ma turo wata take yi.

Kin ce in saurara in gane hannuna. Yarinya, hannun yana nan maƙale a jikina, da shi nake rubuta miki wannan. Ni ban yi nisa a makaranta ba, ina ɗan sha biyu na shiga sharar rumfar aski, amma na san abin da na buga, ba sai na ji ba. Faifanki dai na gode, ya yi amfani. Da na ga yana da huda a tsakiya yana kuma ƙyalli, na zura masa igiya na rataye a itacen ɓaure. Tun ranar fararen akun nan ba su sake taɓa mini ko ɗa ɗaya ba. In kina da wasu ki turo.

Ki gaya wa Maxine ina yi mata ta'aziyya. Mijinta bai yi mini laifin komai ba sai jan kai. Sau ɗaya na gan shi a talabijin, na kashe murya na zuba masa ido. Yana riƙe sanda kamar mai cin abinci a gidan surukai.

Hoto akwai guda ɗaya, marar launi, gashi ya rufe fuska. Matata Dot, kafin ta rasu, ta daɗe tana dubansa ta ce ita ba za ta rantse ni ba ne. To in Dot ba ta gane ba, ke ce za ki gane?

Maganar gogewa kuwa, daga bakinki na fara jinta, kuma tun ranar ban ci abincin kirki ba. Ana goge mutum ne kamar allon aji? Ban yarda ba. In sun yi, Lindsay ya faɗa da bakinsa. Yana da baki, duk ƙasar nan ta san yana da baki.

Ki zauna lafiya, ke ba ruwanki.
M. Tuckwell

*

Kiama, 27 ga Maris

Merv, tsohon jaki,

Ina gaishe ka, ko da ba ka cancanta ba. Anthea ta kira ni ta karanta mini takardarka, ban san ko dariya take ko kuka ba. Ka bar yarinyar nan ta yi aikinta.

Lindsay ba zai rubuto maka da hannunsa ba. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun ya mutu. Bakin da ka ce duk ƙasa ta sani, abin da ya rage a cikinsa bai taka kara ya karya ba: "shayi", "a'a", sunana in ya ga dama, sai zagi biyu ko uku da cutar ta ƙi ɗauka. Da ka buɗe katin Kirsimetin da na aiko maka, maimakon ka dawo da shi a rufe kamar yadda kake yi duk shekara, da ka sani.

Na karanta masa wasiƙarka. Na ce, "Lindsay, wane Bluey ne?" Ya dube ni ya ce, "Bluey." Na ce, "Na ji, wanne daga ciki?" Ya ce, "Bluey," ya yi ta dariya har shayi ya ƙware shi. Ban san ko ya gane tambayar ba, ko iskanci ne. Ka san shi, duk biyun za su iya zama.

Ni ma ban sani ba. Lokacin aikin Sydney ina asibiti ina haihuwar Tamsin. Na san Gavin ya shiga situdiyo. Me aka bari, me aka goge, ban tambaya ba, ina da jaririya mai kukan tsiya.

Amma akwai abin da na sani, kuma za ka ji shi. Ba ka taɓa sauraron faifan nan ba. Ko sau ɗaya. Dot ta gaya mini, Allah ya jiƙanta, ta sha fama. In an sa shi a mashaya sai ka bar giya rabi ka fice. Ranar bikin 'yarka ka tsaya a wurin ajiye motoci har aka gama rawa. Shekara hamsin kana faɗa a kan abin da kunnenka bai taɓa ji ba, kuma ka sami bakin ce wa yarinya ba ta faɗi komai ba!

Sai maganar ƙofa. Ya fita nemanka, Merv. Kana fita ya zazzagi mai farin takalmin, ya ɗauki a-kori-kurar kawunsa, ya bi ta ƙofar baya, gajeriyar hanyar nan da ke ɓullewa mashayar Hay. Wane mai hankali ne zai yi zaton Merv Tuckwell zai yi fushi ya je ya zauna a inda babu giya? Ya saya maka kwalba ya ajiye, ya zauna yana kallon ƙofa har giyar ta yi ɗumi. Kai kana gaba kan duro, shi yana mashaya, jakuna biyu. Me kake tsammani ya sa ya canza wa faifan suna? Ya rubuto maka daga baya, ka dawo da ita a rufe. Shi ma da nasa taurin kan, bai sake ba.

Ka sauke faifan daga bishiya. Ka sa na'urar jin nan da Dot ta ce kana ɓoyewa a gwangwanin sukari. Ka saurara.

Taka, mai haƙuri da ku biyun,
Noelene

*

Hillston, 14 ga Afrilu

Noelene,

Gaisuwa. Ki gaishe shi. Ban sani ba. Iyakar abin da zan ce ke nan a kan ciwon, don in na ƙara za ki ce na yi laushi. Katunan kuma ai ba wanda ya rubuta a bayan ambulan cewa wannan na buɗewa ne.

Labarin ƙofar baya ban yarda da shi ba tukuna. Ke matarsa ce, dole ki gyara masa. Kuma wane irin mutum ne zai nemi wanda ya fita da ƙafa, ya ƙi duba hanyar da ke gaban hancinsa? Ko tunkiya ta fi shi dabara.

Na sauke faifan. Aku sun ɗan caccaki gefensa, waƙar ƙarshe tana tsalle. Ba ni da abin sa shi, sai na shiga motar maƙwabcina Col, na ce masa ya je ya duba kajinsa. Na sa na'urar a kunne, tana fito kamar butar shayi a kan wuta.

Noelene, muryarsa ta fito, yaro ɗanye shakaf. Ga fiyanonki, har da maɓallin nan da ke maƙalewa, wanda kika ce ulu ya shiga ƙarƙashinsa. Na ji warin rumfar a cikin motar Col, wallahi. Sai ga "Jirgin Asabar". Baitin farko yana tafiya a hankali, ɗas-ɗas, na ce shi ke nan, mai cin abincin surukai ne. Amshi yana zuwa sai ganga ta fara jan kowa, gaba, gaba, kamar jirgin ƙasa ya sauko gangara ba birki, ke kina bi, shi yana bi. Ni ne! Ba mai bin akwatin agogo da zai yi haka. Na yi ta dukan sitiyari har hon ya kama ƙara, Col ya taho da gudu yana zaton na mutu na kife a kai.

Na rubuta wa yarinyar Melbourne na ce su auna, tunda su ba sa yarda da abu sai na'ura ta faɗa. Ta amsa jiya. Injiniyansu ya ce gudun yana ƙaruwa a kowane amshi, a waƙoƙin duka. To magana ta ƙare. Ki gaya wa Lindsay ya gyaɗa mata kai ta rubuta sunana.

Faifan ba laifi. Jita ta yi yawa.

Ki huta lafiya.
Merv

*

Kiama, 21 ga Afrilu

Merv,

Gaisuwa, da fatan Col ya farfaɗo. Na so in bar ka da murnarka, amma Maxine ta zo mana ranar Lahadi, kuma ban taɓa yi maka ƙarya ba, ba yanzu zan fara ba.

Ga abin da Gavin ya gaya mata. Jita da fiyano da murya duk tare da kai aka ɗauke su a rumfa, duk saurinka muke bi. Da aka je Sydney akwatin agogon ya zama banza, don waƙoƙin sun ƙi zama a kansa. Sai aka kulle Gavin a ɗaki da gangunanka a kunne, aka ce ya koyi saurinka. Kwanaki ya yi yana fama, yana cewa, "Wannan mutumin kiɗa yake ko kare ne ya biyo shi?" Wasu waƙoƙin ya iya, aka ɗora nasa. Wasu ya kasa, aka bar naka. Waɗanne ne waɗanne, ya ce daga baya shi kansa ba ya iya rabewa. Don haka awon injiniya bai raba gardama ba. Ko inda hannunsa ne, sawunka yake takawa, kuma ta ce bai taɓa musun haka ba. Maxine ta janye buƙatarta.

Anthea ta zo da shafin, ta sa sunayenku biyu a jere. Lindsay ya duba, ya jawo tsohon kwalin da hannun hagu, ya ɗora yatsa a kan kalmar da ya rubuta, ya ce, "A'a." Muka yi lallashi, ya ƙi ɗaga yatsan. Littafin zai fito da "Bluey" kamar yadda yake. Ka yi ta ihu, bishiyarka za ta ji.

Bayan sun tafi na sa masa "Jirgin Asabar". Yana bin kiɗan da hannun hagu a kan kujera. Amshi yana zuwa ya ɗaga kai, ya waiwaya ta kafaɗa, can inda ganguna suke zama, inda yanzu ba komai sai firij, ya ce, "Kana sauri, ɗan banza." Sarai, ba gargada. Tun da ya kwanta ciwo bai haɗa magana mai tsawon haka ba. Shekarun da Gavin ya yi a bayansa ban taɓa ji ya ce masa haka ba. Na shiga kicin na daɗe ban fito ba.

In wannan bai ishe ka ba, ni ban san abin da zai ishe ka ba. Akwai gado a ɗakin Tamsin. Likita ya ce kada mu yi dogon shiri, ga sanyi yana shigowa.

Taka,
Noelene

*

Hillston, 25 ga Afrilu

Lindsay,

Na gaishe ka. Noelene za ta karanta maka, ta ɗaga murya, kuma kada ta gyara ko kalma.

Bai ishe ni ba. Na ji daga bakin matarka, na ji daga bakin matar mamaci, na ji daga yarinya da na'urarta. Firij ma ka yi masa magana. Ni na yi tambayar, ni za a amsa wa.

Zan hau bas ɗin Alhamis. Col zai kula da ɓaure, na bar masa faifan ya mayar kan reshe, ai kuna da wani. Zan zauna a bayanka, inda na saba, mu sa "Jirgin Asabar". Ba sai ka yi magana ba, hannu ɗaya ya isa. In ni ne, ka bugi kujera sau ɗaya. In Gavin ne, sau biyu. Ka sake ce mini "Bluey" in kifar maka da shayin.

Ta ƙofar gaba zan shigo. A ajiye ka inda za ka gan ta. Kuma kada ka kuskura ka sulale ta wata ƙofar baya kafin in iso, ka ji na gaya maka. Sai ka amsa mini.

Naka, ko ka so ko ka ƙi,
Bluey